Akwatin Kawunki Dauda

Madarumfa, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya tsare ki a hanya, daga ƙofar gidan nan har Yamai, daga Yamai har Dakar. Ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da ciwo da muguwar ƙawa, ya buɗe miki kai a karatun da za ki. Babanki yana gaishe ki, ko da yake ga shi can gindin dogonyaro yana gyaran koma yana yi mini dariya, wai mutum da ɗiyarsa suna gida ɗaya me ya kawo takarda. Ƙyale shi. Ni na san bakina. In na buɗe shi a gabanki, ko dai in yi faɗa ko in yi kuka, maganar kuma ba za ta fito ba. Zan cusa wannan a cikin jakarki, ki karanta in mota ta bar Maraɗi.

Maganar wayar nan ce. Kin yi ta koyar da yara duk hutu, kika tara abinki, kika sayo mini waya mai shafawa, kika kawo a cikin kwalinta da murnarki. Ni kuwa ko hannu ban miƙa ba, na ce ki kai wa mai so, ƙaramar wayar babanki mai tocila ta ishe mu. Kika ce, "Mama, taurin kanki ya yi yawa. In na tafi, ta ina za ki ga fuskata?" Na ce miki fuskar da na wanke tun tana jaririya ba sai an nuna mini ita a gilashi ba. Tun ranar kike gaishe ni kina kallon ƙasa. Na ɓata miki rai, na sani, kuma ba na so ki hau jirgi da wannan a zuciyarki. Taurin kai kam ina da shi, ba sai an faɗa ba. Amma wannan karon tsoro ne, kuma yau zan gaya miki inda ya samo asali.

Kin san sunan kawunki Dauda, kin san ya tafi Libiya tun kafin a haife ki bai dawo ba. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda labarinsa ya yanke mana, don duk sa'ad da kika tambaya sai in ce ki je ki duba tukunya.

Dauda ƙanena ne, ni na yi goyonsa. Ya fi ni karatun lakwal, na boko, nesa ba kusa ba. Ni a aji shida na tsaya, Hausar da nake rubutawa ma a majami'a na ƙarasa koyonta, shi kuwa ya yi kwaleji, ga shi da hannun gyara. Duk injin ban ruwan da ya mutu a garaken bakin tabki shi ake kira. Da ya ƙudura tafiya, Inna, wato kakarki, ta yi kuka har ta gaji, ta ce wa zai riƙa kawo mata labarinsa. Ya ce, "Inna, yanzu duniya ta canza. Yaya na zuwa Maraɗi da zogale kowace kasuwa, zan nuna mata inda za ta riƙa samuna." Shi ne ya kai ni siber.

Ke ba ki san siber na lokacin ba. Ɗaki ne dogo a bayan wani kanti, na wani mutumin Damagaram da ake kira Malam Isufu, fanka ɗaya tana juya zafi, mutane sun jeru kowa ya ba bango fuska. A gaban kowa akwai ordinatar: gilashi mai ƙaton ƙeya kamar talabijin, shi ne ekaran, sai faifan haruffa da ake ce wa kilabiye, sai wani ɗan abu mai doguwar wutsiya wai shi suri, ɓera ke nan. Da Dauda ya ce in kama suri in kai kibiya kan wani rubutu, sai na ɗaga shi sama na nuna wa gilashin. Ɗakin ya ɗauki dariya, har da ƙanen nawa, marar kunya. Akwai kuma wani ɗan akwati kusa da teburin Malam Isufu, modam, wanda aka jona da layin tarho. In za a shiga intanet sai ya yi ta ƙara, ƙiii, ƙuuu, kamar an take wutsiyar kyanwa. In ƙarar ta tsaya, an samu koneksiyo. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke ko layi ya yanke, kowa ya yi tsaki a zauna jira.

Dauda ya zaunar da ni a na'urar da ke bakin taga, ya yi ta bayani. Wai intanet na'urori ne na duniya duka aka ɗaure su da juna, wai saƙo yana bi ta nan ya faɗa can. Ni kuwa kunyar dariyar nan ba ta sake ni ba, rabin hankalina kuma yana kan buhunan da na bar wa maƙwabciyata a kasuwa. Kalma ɗaya ce ta shiga kunnena sosai: buwat. Ya ce ya buɗe mini buwat, akwatin saƙo nawa na kaina. To, buwat ai na san shi. Majami'armu tana da buwat a gidan waya na Maraɗi, ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango, da lambarsa da makullinsa, fasto yakan je ya buɗe ya kwaso takardu. Sai na ce a raina, ashe abin ba wuya. Wannan na'urar ta bakin taga ita ce bangon, akwatina yana cikin cikinta.

Ya ce, "Kin fahimta, Yaya?"

Na ce, "Na fahimta mana. Ni yarinya ce?"

Rifkatu, da na haɗiye girman kaina na ce masa sake faɗi, da ban zauna rubuta wannan takarda ba. Ba komai ya hana ni ba sai don ƙanena ne, kuma an riga an yi mini dariya sau ɗaya. Inda za ki, za a gaya miki abubuwa da yawa da sauri, cikin Faransancin da ba irin namu ba. In ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba. In kuma kalma ta yi kama da wadda kika sani a gida, to a nan ma ya fi kamata ki tambaya. Ki maimaita wa mai bayanin abin da kika ji da bakinki, ya ce miki e ko a'a.

Adireshin kam na koye shi da kyau, don a nan Dauda bai yi mini wasa ba. Sunana ne a gaba, sai wata alama, harafin a da aka naɗe da zobe. Arobas ake ce mata, ni kuwa na sa mata suna a-mai-gammo, kuma sai an danna maɓalli biyu tare take fitowa. Bayanta sunan kamfanin da ke riƙe da akwatin, sai ɗigo, wato puwan, sai ƙarshen. Ya ce, "Yaya, nan ba gidan waya ba ne da za a rubuta gidan Yohanna mai kifi, Madarumfa, a kawo. Ɗigo ɗaya ya ɓace, saƙo ba zai je ba." Ya sa na buga nasa da nawa har yatsuna suka saba.

Sai kalmar sirri, wadda suke ce wa modapas, makullin akwatin ke nan. A nan ma na yi abin kunya. Ni in ina bugawa sai ina faɗin haruffan da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mana karatu a lakwal. Kowa a siber ya haddace makullina. Kuma in na gama sai in tashi in kama hanya, ban san akwai wurin da ake dannawa a rufe akwati ba, dekonekte. Wata kasuwa na zo na tarar Dauda ya rubuto, "Yaya, yaushe kika fara buga ƙwallo? Na ga kin ce in aiko miki da takalmin ƙwallo da rediyo." Ashe wani ɗan banza ne ya zauna bayana ya rubuta masa da sunana. Malam Isufu ya taimake ni muka canza makullin, na koyi kame bakina. Wannan dariya aka yi ta wuce, amma ke taki duniyar ta fi tamu haƙora. Kada ki ba kowa makullinki, ko ƙawar da kuke kwana ɗaki ɗaya, ko saurayin da zai ce in kina sonsa ki nuna masa. Kuma in kin shiga akwatinki a na'urar da ba taki ba, ki rufe kafin ki tashi.

Wannan lokacin shi ne mai daɗin. In na sayar da zogalena, sai in wanke hannu in tafi siber, in jira har na bakin taga ya tashi, ko da wasu na'urorin ba kowa. Malam Isufu ya ɗauka iskar taga nake so, ni kuma ban taɓa gaya masa dalilina ba. Dauda yana aiki a wani garejin injuna a Sabha, yakan rubuto labarin sanyi da burodi da yadda yake kewar kifin tabki da tuwon dawa. In ya amsa, maganata takan fito a ƙarƙashin tasa, don haka na'urar take yi, tana jawo tsohon saƙo ta liƙa a ƙasan sabo. Sai in sa a buga mini a takarda, in kawo wa Inna. Takan sa in karanta mata sau biyu, sa'an nan ta karɓa ta ninke ta sa a cikin Littafinta Mai Tsarki, ita da ba ta iya karatu ba.

Ran nan ya aiko da hoto a maƙale da saƙo, piyas juwant suke cewa. Na ɗauko Inna takanas muka hau mota. Hoto a lokacin ba ya buɗewa gaba ɗaya, daga sama yake saukowa kaɗan-kaɗan. Muka ga bango, muka ga hula, muka ga goshi. Inna tana ta cewa, "Shi ne, ga goshin ubansa." Idanu suka fito, hanci ya fara fitowa, sai layi ya yanke. Muka jira har motar gida ta kusa tashi, koneksiyo bai dawo ba. A mota ta ce mini, "Idanunsa ba na mai yunwa ba ne." Wannan ya ishe ta murna har mako ya zagayo.

To, ga inda abin ya lalace. Adireshin da Dauda yake amfani da shi ba nasa ba ne na kansa, na garejin ne suka ba shi. Sai ya rubuto cewa zai bar su, ya samu aiki a bakin teku. Ya ce, "In na sauka zan buɗe nawa in aiko miki. Ki riƙa leƙa akwati, Yaya, don ta nan kaɗai zan same ku." Lokacin ina da cikinki, ya tsufa, ga damina ta sauka, gulbi ya cika, hanya ta ɓaci. Na yi makonni ban shiga Maraɗi ba. Ranar da na samu na lallaɓa, na tarar an cire allon siber, ana sayar da taliya da man gyaɗa a ɗakin. Na tambaya, aka ce Malam Isufu ya sayar da na'urorin ya koma harkar mota a Ɗan Issa. Na ce wa ya sayi ta bakin taga? Mai kantin ya dube ni kamar na zare, ya ce shi ina ya sani.

Na zauna a dakalin wurin na yi kuka, don a sanina an sayar da akwatina, da saƙon Dauda a ciki. Ga wani siber a tsallaken titi, ina kallonsa, ana shiga ana fita. Ko a mafarki ban kawo cewa zan iya shiga can in buɗe akwatina ba. Wa ke zuwa gidan wayar wani gari ya nemi buwat ɗinsa? Na dawo gida na gaya wa babanki da Inna an sayar da na'urar. Su ma ba su san komai a kai ba, suka ce sai haƙuri, Dauda ai ya san gida, zai aiko da takarda ko ya ba wani saƙo. Aka haife ki, na shiga jego, na shiga raino. Duk wanda aka ce ya dawo daga arewa sai babanki ya je ya tambaye shi. Shiru. Kin fara tafiya, har kin fara kiran sunan akuya, ban sake taka ƙofar siber ba.

A taron zumuntar mata a Maraɗi ne, muna cin abinci, na ba Mama Saratu labari, matar faston wata majami'a ta can, wadda ɗanta yake karatu a waje. Ta ajiye cokali ta ce, "Haba Hannatu! Wa ya gaya miki akwati yana cikin na'ura? Ai yana wurin kamfanin, can wata ƙasa. Na'ura taga ce kawai da ake leƙawa. Ko a Yamai, ko a Kano, duk wadda kika zauna gabanta, in kin san adireshinki da makullinki, akwatinki zai buɗe."

Ni ma na ajiye cokali. Na ce, "Ko ta tsallaken titi?"

Ta ce, "Ko wace."

Ba mu ƙarasa abincin ba ta ja hannuna muka fita. Adireshi da makulli suna nan a kaina, ban manta ko ɗigo ba. Amma da na buga, sai wani rubutu ya fito. Mama Saratu ta karanta ta ce kamfanin ya rufe akwatin saboda an daɗe ba a buɗe ba, haka dokarsu take a lokacin. Sun yarda a sake buɗe shi da sunan, amma duk abin da ke ciki an share. Muka buɗe, ga shi wayam. Ko Dauda ya rubuto sau ɗaya, ko ya yi ta rubutowa, ba wanda zai iya gaya mini.

Ki ji wannan da kyau, ɗiyata. Hanyar da mutum yake samunki, kada ki bar ta ta kwana da yawa ba ki duba ba, ko kina ciwo, ko jarrabawa ta taso, ko kina fushi da mu. Kuma in za ki canza lamba ko adireshi ko ɗaki, kada ki saki tsohon sai kin tabbata mun riƙe sabon, mun kira ki a kansa kin amsa. Kawunki ya saki nasa kafin ya ba ni sabo, ni kuma na bar nawa ya mutu. Laifin da ya fi girma nawa ne, amma ki guji duka biyun.

Ban gama ba, saura mafi ciwon. Mama Saratu ita ke jagorar zaman yamma, sai ta bar ni a siber ta koma taro. Ni kuma na ce bari in gwada tsohon adireshinsa na gareji, ko wani zai gani ya kai masa. Na rubuta da Hausa, "Dauda, ni ce Yaya. Muna lafiya. Inna tana nan. Na haifi mace. Ka yi mini gafara, ka amsa." Na aika. Ban ko tashi daga kujera ba sai ga saƙo ya shigo.

Wayyo, Rifkatu, murnar da na yi! Na buɗe, na ga adireshin Dauda a ciki ɓaro-ɓaro, da a-mai-gammonsa. A sama rubutu ne da Ingilishi, wanda ba na ji ko kaɗan. A ƙasa kuma ga maganata, kamar yadda take fitowa duk lokacin da ya amsa. Sunan mai aikowar baƙo ne, na ce na sabon maigidansa ne. Ingilishin kuma na ce ai bakin teku ne, wataƙila da Turawa yake aiki, wani ya rubuta masa. Har na ce a raina, dubi yaron nan, ashe yana zaune gaban na'ura yana jirana. Na sa matar da ke karɓar kuɗi ta buga mini, ta miƙo ba ta ko duba ba, ni ma ban tambaye ta ba. Ban koma wurin Mama Saratu ba, ban tsaya an rufe taro da addu'a ba. Na ɗauke ki daga hannun wadda na bar wa, na goya, sai tasha.

Ranar Asabar ce. Tun daga ƙofar gida nake kira, "Inna, Dauda ya amsa!" Ta fito ba ɗankwali. Ta karɓi takardar ta ɗora a kanta, ta durƙusa a tsakar gida. Ta ce me ya ce? Na ce da Ingilishi ne, gobe in an tashi sujada Mushe Ayuba, wato Malam Ayuba, zai karanta mana, shi da yake koyar da Ingilishi a kwaleji.

Kashegari da aka zo lokacin shaida, kafin in ankara Inna ta miƙe. Kin san ba mai magana a taro ba ce. Ta ɗaga takardar sama ta ce, "Jama'ar Allah, ku taya ni godiya. Ɗana da ya ɓace ya yi magana." Majami'a ta kaure da guɗa. Mata suka ɗauki waƙa, aka buga tulu, tsofaffin da suka san Dauda tun yana yaro suna share hawaye. Ni ma ina ciki, ina rawa da ke a bayana.

Da aka tashi, mutane suka kewaye Mushe Ayuba a farfajiya, Inna ta miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sai ya shafa aljihu ya ce, "Inna, rubutun ƙanana ne, na kuwa bar tabarau a gida. Bari in je da ita, zan biyo ku." Allah ya saka wa mutumin nan, don tabarau suna cikin aljihunsa, ina ganin kansu. Ya yafito ni bayan majami'a ya ce, "Hannatu, ba Dauda ne ya rubuta wannan ba. Na'urar kamfanin ce. Tana cewa adireshin da kika aika wa babu shi, an rufe, shi ya sa ta mayar miki da saƙonki."

Na roƙe shi ya sake karantawa, ya sake. Ya ce in ina so shi zai gaya wa Inna. Na ce a'a, ni na kawo takardar, ni zan kai maganar.

Na same ta da la'asar tana ɓarar gyaɗa, tana ta ƙananan waƙoƙi. Na zauna na gaya mata. Ba ta daina ɓarar ba.

Ta ce, "To wa ya rubuta?"

Na ce, "Na'ura ce, Inna."

"Na'urar ta san Dauda?"

"A'a."

"To ta yaya ta san ba ya nan?"

Na ce ba cewa ta yi ba ya duniya ba, cewa ta yi akwatin babu. Hannunta yana ta aiki. Can ta ce, "Ba ni takardar." Na ba ta, ta ninke ta sa a Littafinta tare da sauran. Lahadin da ya biyo ta sake miƙewa a lokacin shaida, ba wanda ya sa ta. Ta ce, "Ɗana bai amsa ba tukuna, kuskure aka yi. Amma godiyar da na yi wa Allah ban janye ba." Ta zauna. Ni ban iya ɗaga kai ba har aka tashi.

Kada ki kai wa mutum albishir sai kin karanta shi har ƙarshe kin gane, ko kin sami wanda ya gane. Murna ce ta rufe mini ido, na ga abin da nake so in gani. A wayoyinku na yanzu saƙo yana shigowa kamar ruwa, wani mutum ne ya rubuta, wani na'ura ce, wani kuma maƙaryaci ne ya ari sunan wanda kika sani. Ki duba wa ya aiko kafin ki duba me aka ce.

Na yi ta zuwa siber bayan haka, kowace kasuwa, shekara da shekaru, ina buɗe akwatin nan. Tallace-tallace kawai nake tararwa. Bayan mun binne Inna na daina. Tun daga ranar ban ƙara son ganin gilashi mai kawo saƙo ba, kuma da kika miƙo mini kwalin nan abin da na gani ke nan. Ya kamata in gaya miki a lokacin, maimakon in yi miki tsawa.

Jiya da kika tafi sallama da ƙawayenki na ɗauko wayar daga inda kika ɓoye ta, ƙarƙashin kayan ɗinki. Na kai wa yayanki Iliya, na zaunar da shi, na ce ya koya mini. Ya faɗa, na ce sake. Ya sake, na ce sake. Har ya fara haɗa rai, na ce ko ya haɗa ko ya raba sai na gane. Yanzu na iya kunna rezo, wato intanet ɗin waya, na iya danna wurin magana in saki, na iya amsa kiran da ake ganin fuska. Ya buɗe mini sabon adireshi, na rubuta miki shi a bayan takardar nan harafi-harafi. Ke ma ina so ki yi mini abu guda in kin sauka. Kada ki bar mana hanya ɗaya tak. Ki aiko da sunan unguwarku, da sunan majami'ar da za ki riƙa zuwa, da lambar wata ƙawa, da ta wani babba da ya san ɗakinki. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, layi yana mutuwa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko babanki. Sai bayan shekaru na tambayi Mushe Ayuba, na ce lokacin da akwatina yake rufe, in wani ya rubuto mini, me zai gani? Ya ce, "Irin takardar da kika samu." Kin ji fa. Wato wataƙila Dauda ya sauka a bakin teku lafiya, ya buɗe adireshinsa, ya rubuto wa yayarsa da murna, na'ura ta mayar masa ta ce babu ni. Shi kuma yana jin abin da aka rubuta, ba sai an karanta masa ba. Ban san ko yana raye ba. Amma in ya rayu, ya rayu yana ganin mun rufe masa ƙofa, in kuma ya mutu, da wannan ya tafi. Wannan ne yake cina har yau.

Saboda haka, Rifkatu, ni tsohuwa ce a wannan harka, kuma zan yi kuskure. Zan danna inda ba a dannawa, zan bar caji ya ƙare, wata rana ma zan share ki gaba ɗaya ban sani ba. In kin rubuto kin ji shiru, ko na'ura ta ce miki babu ni, kada ki yarda da ita. Ki kira babanki, ki kira Iliya, ki kira fasto, ki sa a zo har gida a buga mini ƙofa. In duk sun ƙi shiga, ki hau mota ki zo. Ina nan, ban rufe miki komai ba.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya kiyaye ki a sama da ƙasa, cikin baƙi da cikin sani, ya ba ki lafiya da natsuwa, ya dawo mana da ke muna raye muna ganewa. Babanki ya sa miki albarka, ni ma na sa. Ki yafe mini tsawar da na yi miki. Amin.

Ni ce mamarki,
Hannatu